Tsatsa da Baƙin Mai a Rara

Daga Rabah muka nufi Rara ana dab da faɗuwar damina, muka tarar manoma suna fito da garemani. Wadda aka jingine da laka tun bara ta yi jawur, bakinta har yana marmashewa. Mai ita sai ya biya maƙeri kafin ya shiga gona. Aikin tsatsa ke nan, idan danshi da iska suka taru kan ƙarfe. Masu dabara sun kankare tasu, sun shafe da baƙin mai kafin ajiya, ga su nan sumul.

Kwanon rufi kuwa da tutiya ake lulluɓe shi, ita ke fara cinyewa. A tsofaffin rufin garin, ta gefen ƙusa muka ga jan ya fara ɓullowa.