Detroit, Birnin Masu Ƙera Mota

Duk baƙon da ya tsaya a bakin kogin Detroit ya fuskanci kudu, ƙasar Kanada zai hanga a ƙetaren ruwa, watau garin Windsor. Wannan yakan rikita mutane, domin kowa ya san Kanada arewa take da Amurka, amma a nan kogin ya yi wata lanƙwasa wadda ta juya al'amarin. Faɗinsa a daidai tsakiyar birni bai kai mil ɗaya ba. Faransawa ne suka kafa garin cikin 1701 a ƙarƙashin wani jami'insu mai suna Cadillac, sunan garin kuwa a harshensu yana nufin mashigin ruwa mai ƙunci. A 1900 mutanen Detroit ba su cika 300,000 ba. A 1920 sun kusa miliyan ɗaya, a 1930 sun wuce miliyan ɗaya da rabi. Mota ce ta tara su, kuma kusan duk abin da ya sake zaman jama'ar Amurka tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu ya bar sawunsa a kan titunan wannan birni.

A bakin kogin ne za a fara ganin sawun. Jihar Michigan ta hana sayar da giya tun 1918, sa'an nan a watan Janairu na 1920 dokar ta game ƙasar Amurka duka. Masu wa'azi da ƙungiyoyin mata sun daɗe suna neman wannan doka, suna cewa giya ce ke cinye albashin magidanta tana kashe aure. Gaskiya suka faɗa, amma ba su yi lissafi da kogin ba. A ƙetare ana dafa barasa ana fitar da ita bisa doka, saboda haka ƙananan jiragen ruwa suka dinga kai da kawowa cikin dare. In hunturu ya yi tsanani ruwan ya daskare, sai 'yan fasa-ƙwauri su kora tsofaffin motoci a kan ƙanƙara, ƙofofi a buɗe, don in ƙanƙarar ta fashe direba ya yi tsalle ya tsira da ransa. Mashaya ta ɓoye ta cika unguwanni, 'yan sanda da yawa suka koyi karɓar na goro, wata ƙungiyar 'yan ta'adda da ake kira Purple Gang ta yi suna wajen kisa. Da aka zo soke dokar a 1933, Michigan ce jiha ta farko da ta amince.

Daga bakin kogi wani babban titi ya miƙe arewa, sunansa Woodward. A kansa aka fara shimfiɗa mil guda na hanyar kankare a Amurka cikin 1909, a kansa kuma wani ɗan sanda, William Potts, ya kafa fitilar ba da hannu mai launi uku cikin 1920. Dogayen benaye na shekarun 1920 suna nan tsaye, har da gidan siliman Fox da aka buɗe a 1928, mai ɗaukar mutum kusan 5,000. Wanda ya bi titin wajen mil shida zai isa Highland Park, inda zai tarar da wani doguwar ginin jan bulo mai tagogi barkatai, yau shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. A nan ne Henry Ford ya fito da dabarar da ta juya duniyar aiki a 1913: ma'aikaci ya tsaya wuri ɗaya, sarƙa ta jawo gangar motar ta gabansa, ya ɗaura abu guda, ta wuce ga na gaba. Haɗa gangar mota da ke cin fiye da awa 12 ya koma kamar awa ɗaya da rabi. Farashin motar da ake kira Model T ya yi ta sauka har ya kai dala 260 a 1925, kuma kafin a daina ƙera ta a 1927 an yi miliyan 15.

Aikin yana da gajiyarwa ƙwarai, mutane suna ta gudu, sai Ford ya ɗaga ladan yini zuwa dala 5 a watan Janairu na 1914, watau fiye da ninki biyu. Amma kuɗin da sharaɗi. Kamfani ya riƙa aika jami'ai gida-gida su duba ko mutum yana shan giya, ko ɗakinsa da tsabta, ko yana ajiya a banki, ko yana koyon Turanci. Mutumin da ya baro ƙauyensa a Poland ko Italiya ko Siriya don neman kuɗi, sai ya tarar har yadda zai zauna da iyalinsa mai ma'aikata ne zai tsara masa. A cikin waɗannan baƙi akwai Musulmi. A 1921 wani ɗan kasuwa mai suna Muhammad Karoub ya gina masallaci kusa da ma'aikatar, wanda masana tarihi da yawa ke cewa shi ne na farko da aka gina musamman don salla a Amurka. Bai daɗe ba aka rufe shi saboda saɓani da ƙarancin kuɗi, ga shi kuma aikin Ford yana komawa Dearborn, jama'a suna binsa. A 1924 gwamnati ta yi dokar da ta kusa toshe ƙofar shigowa ga mutanen kudanci da gabashin Turai. Unguwar Hamtramck da ke maƙwabtaka, wadda a lokacin ta 'yan Poland ce kusan zalla, yau Musulmi ne suka fi yawa a cikinta, kuma tun 2004 ake jin kiran salla a lasifika.

Wanda ya sami kuɗi sai ya nemi abin kashewa. A 1919 kamfanin General Motors ya kafa reshe na ba da mota bashi a biya kaɗan-kaɗan, abin da dattawan da suka saba da “in ba ka da shi ka haƙura” suke gani abin kunya ne. Ba a jima ba rediyo da firiji da kujerun ɗaki duk suka bi wannan hanya. Jaridar Detroit News ta buɗe gidan rediyo a watan Agusta na 1920, watan da mata suka sami 'yancin jefa ƙuri'a a ƙasar duka. 'Yan mata suka shiga ofisoshi da kantuna, suka rage tsawon gashi da na riga, saurayi kuwa da ya saba zuwa zance a falo gaban iyaye, yanzu sai ya tsaya a ƙofa ya danna ham. A 1926 Ford ya mai da aiki kwana biyar a mako, yana ganin mutumin da ba shi da hutu ba zai sayi mota ba.

Sai dai duk wannan daɗi bai game kowa ba, kuma wanda ke son ganin haka sai ya karkata gabas. Da yaƙi ya tsai da zuwan baƙi daga Turai, masu ma'aikatu suka juya ga jihohin kudu, inda baƙar fata ke noman auduga a gonakin Turawa, bashi ya yi musu katutu, ba su da ƙuri'a, ana kuma iya rataye mutum a bishiya ba tare da shari'a ba. Suka riƙa cika jiragen ƙasa suna yin arewa, cin-ranin da ba a komawa gida. A 1910 baƙar fata a Detroit ba su kai 6,000 ba, a 1930 sun kai 120,000. Ford ya ɗauki dubbai daga cikinsu, galibi a wurin narka ƙarfe inda zafi da hayaƙi suka fi tsanani, sau da yawa kuma sai mutum ya kawo takarda daga limamin coci, irin su Robert Bradby na cocin Second Baptist. Wurin kwana shi ne matsala. An cusa su a wata tsohuwar unguwa mai suna Black Bottom, wadda tun zamanin Faransawa ta sami sunanta daga baƙar ƙasarta mai albarka. Haya da tsada, gidaje sun ruɓe, sauran unguwanni kuwa an rubuta a takardun gidajensu cewa ba za a sayar wa baƙar fata ba.

A kusurwar titin Garland da Charlevoix akwai wani madaidaicin gidan bulo da allon tarihi a gabansa. Likita Ossian Sweet ne ya saye shi a 1925 kan dala 18,500. Haifaffen Florida ne, yana yaro ya ga taron Turawa sun ƙona wani baƙar fata da ransa. Ya yi karatun likita a Jami'ar Howard, ya ƙaro ilmi a Vienna da Paris, ya dawo da matarsa Gladys da 'yar jaririyarsu yana son gida irin na sa'o'insa. Ya san abin da ke jiransa, domin a wannan bazarar an kori wani likita baƙar fata daga sabon gidansa, ƙungiyar Ku Klux Klan kuwa ta yi ƙarfin da ɗan takararta ya kusa cin zaɓen magajin gari a 1924. Saboda haka ranar 8 ga Satumba ya tare da 'yan'uwa da abokai da bindigogi goma.

Washegari da dare ɗaruruwan mutane suka cika titin. Duwatsu suka fara sauka a kan rufi, taga ta fashe, 'yan sandan da aka girke suna tsaye suna kallo. Sai aka ji harbi daga bene. Mutum ɗaya, Leon Breiner, ya mutu, wani ya ji rauni. Aka kwashe duk mutum goma sha ɗaya da ke cikin gidan, har da Gladys, aka tuhume su da kisan kai. Ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙar fata ta ɗauko Clarence Darrow, lauyan da ya fi kowa suna a Amurka a lokacin. A can, mutum goma sha biyu ake zaɓowa daga jama'ar gari su saurari shari'a su ce akwai laifi ko babu, waɗannan kuwa duk Turawa ne. Shaidun gwamnati suka riƙa rantsuwa cewa ba wani taro a titin, Darrow ya yi ta jan su da tambaya har bakinsu ya saɓa. Hujjarsa guda ce: dokar da ta ba Bature ikon kare gidansa ita ce ta ba baƙar fata. A shari'ar farko masu yanke hukunci suka kasa haɗa baki. A ta biyu, cikin Mayu na 1926, aka sallami ƙanensa Henry Sweet, wanda ya amsa cewa ya yi harbi, daga baya aka janye tuhumar sauran.

An ci shari'a, amma gidan bai yi wa mai shi albarka ba. Tarin fuka ya kashe 'yar a 1926, ya kashe Gladys a 1928, shi kuma likitan ya harbe kansa a 1960. Sharaɗin hana sayar da gida ya ci gaba da aiki har 1948, lokacin da Kotun Ƙoli ta hana kotuna tilasta shi. Cikin alƙalan da suka yanke wannan hukunci akwai Frank Murphy, wanda shi ne ya zauna a kan shari'ar Sweet yana saurayin alƙali.

A watan Oktoba na 1929 kasuwar hannun jari ta New York ta faɗi, garin da ya dogara ga mota kuwa shi ya fi jin jiki. Amurka ta ƙera motoci fiye da miliyan biyar a 1929, a 1932 ba ta kai miliyan ɗaya da rabi ba. Abin da aka saya bashi aka zo aka kwashe, masu haya aka fitar musu da kaya titi. A cikin wannan ƙunci ne wani mai tallar yadi gida-gida, Wallace Fard, ya bayyana a unguwannin baƙar fata a 1930, yana gaya musu cewa addinin kakanninsu Musulunci ne. Koyarwarsa ta saɓa wa abin da Musulmin duniya suka sani a wurare da yawa. Ya ɓace a 1934, almajirinsa Elijah Muhammad ya gaje shi, sai bayan rasuwar wannan a 1975 ɗansa Warith Deen ya ja yawancin mabiya zuwa tafarkin Sunna.

Kudu maso yamma da birni, a Dearborn, ma'aikatar River Rouge take, inda a da tama ke shiga ta wannan gefe mota ta fito ta wancan, ma'aikata kuwa sun taɓa kai 100,000. Ranar 7 ga Maris, 1932, cikin matsanancin sanyi, marasa aiki wajen 3,000 suka yi maci zuwa ƙofarta suna neman aiki da abinci. Aka tarye su da barkonon tsohuwa da mesar ruwa, sa'an nan da harsashi. Huɗu suka mutu a ranar, aka binne su a maƙabartar Woodmere inda ake hango bututun hayaƙin ma'aikatar. Na biyar, Curtis Williams, ya cika daga baya, maƙabartar ta ƙi karɓar gawarsa don baƙar fata ne. 'Yan makonni bayan harbin, mai zane Diego Rivera na Meziko ya iso, Edsel ɗan Ford ya biya shi ya zana aikin Rouge a bangon gidan adana zane-zane da ke kan Woodward. Zanen kashi 27 ne, yana nan har yau, baƙi da farare kafaɗa da kafaɗa a gaban injuna.

Daga nan ma'aikata suka haɗa kai. A Flint suka zauna dirshan cikin ma'aikatun General Motors kwana 44, daga ƙarshen 1936 zuwa Fabrairu 1937, gwamnan jihar, Frank Murphy ɗin nan dai, ya ƙi sa soja su fitar da su da ƙarfi, kamfani ya amince da ƙungiyar ƙwadago. Ford ya yi taurin kai. Ranar 26 ga Mayu, 1937, 'yan barandansa suka lakaɗa wa Walter Reuther da abokansa dūka a kan gadar ƙafa ta ƙofar Rouge, masu ɗaukar hoto suna nan, jaridu suka baza wa duniya. Sai a 1941 ya sa hannu.

In baƙo ya komo bakin kogi, a gindin Woodward zai ga wani ƙaton hannu na tagulla a dunƙule, tsawonsa ƙafa 24, an rataye shi a 1986 don tunawa da Joe Louis. Iyayensa sun baro Alabama da shi a 1926 suka sauka a Black Bottom, ya ɗan taɓa aiki a wurin Ford kafin dambe ya ɗauke shi. Ya zama zakaran duniya na ajin masu nauyi a 1937. Daren 22 ga Yuni, 1938, ya kayar da Max Schmeling na Jamus, wanda 'yan Nazi ke taƙama da shi, cikin minti biyu da daƙiƙa huɗu, miliyoyin mutane suna manne da rediyo, Turawan Amurka da yawa suna yi wa baƙar fata kirari karo na farko a rayuwarsu. A titin Hastings, zuciyar unguwarsu, an kwana ana rawa. Wanda ya nemi titin yau ba zai sami komai ba sai ɗan guntu, domin tun wajen 1960 aka rushe unguwar, babbar hanyar mota ta bi ta kansa.