Ƙanwata Ta Koma Makaranta

'Yan'uwana mata, yau labarin wani kuskure da na yi zan ba ku, ni ɗin nan da ake kira Malama.

Ƙanwata da ke bi mini ta yi shekara uku cur a makarantar koyon aikin jiyya, ta ci jarrabawa, aka ba ta takardar shaida. Ba a jima ba aka tura ta ɗakin nan na asibiti inda ake kwantar da waɗanda ciwo ya kai su gargara, watau ɗakin kulawa ta musamman. Muka yi ta murna. Bayan 'yan watanni sai ga ta da magana, wai an ba ta dama ta tafi kos na shekara guda a wani gari don ta ƙware a aikin wannan ɗaki. Ga ta kuwa da goyo, ko yaye ba a yi ba. Uwar mijinta ta ce, "Wai shi bokon nan ba shi da ƙarshe ne?" Kada in ɓoye muku, bayan tsohuwa na bi. Na ce, "Ke, ba ga takarda a hannunki ba? Me kuma ya rage?"

Ba ta tanka mini ba ran nan. Sai wata safiya da ta taso daga aikin dare ta biyo ta gidana, ta zauna bakin gado, ko mayafi ba ta cire ba. Ta ce, "Yaya, jiya saura ƙiris mutum ya mutu a hannuna." Ashe wani dattijo ne aka sa wa injin numfashi, bututu ya bi ta bakinsa har maƙogwaro. Can tsakar dare injin ya ɗauki kuka. Ta ce duk lambobin da ke jikinsa ta san ma'anarsu a littafi, amma ta rasa wadda za ta fara dubawa, sai ta tsaya ƙiƙam. Babbar Sista ta shigo, ko kallon injin ba ta yi ba. Ƙirjin mutumin ta duba, ta kasa kunne, ta gane majina ce ta toshe bututun, ta zuƙe ta. Nan da nan ɗaki ya yi tsit.

Kai, kunya ta kama ni. Na tuna ran da na fara tsayawa gaban aji bayan na fito daga kwalejin horon malamai, darasi na rubuce tsaf, amma yara suka mai da ajin kasuwa, na rasa ta cewa. To, ni in na yi kuskure a allo, gobe sai in share in gyara. Ita fa?

Daga baya ta nuna mini cewa abin da ya same ta ba wauta ba ce. Wata malamar jiyya a Amurka, Patricia Benner, ta yi littafi a 1984 inda ta kasa ma'aikatan jiyya hawa biyar, daga ɗan koyo har gwani. Ɗan koyo doka yake bi ɗaya bayan ɗaya, gwani kuwa da kallo ɗaya ya gane inda matsala take, kamar yadda kukan gane tuwo ya nuna ba sai kun taɓa ba. A lissafinta sai nas ta yi shekara biyu ko uku a aiki iri ɗaya kafin ta kai hawa na uku ma. Abin da ya fi ba ni mamaki, wai ko tsohuwar nas ce aka ɗauko daga ɗakin haihuwa aka kawo ta wannan ɗaki, ta koma 'yar koyo ke nan.

Shi kansa ɗakin bai daɗe a duniya ba. A 1952 cutar shan inna ta ɓarke a babban birnin ƙasar Danmak. Cikin mutum 31 na farko da numfashinsu ya shanye, 27 suka rasu. Wani likita mai suna Ibsen ya ba da shawara a huda maƙogwaro a sa bututu, a riƙa matsa iska da jakar roba. Ɗalibai wajen 1,500 suka yi ta karɓa-karɓa dare da rana suna matsa jakar da hannu, mace-macen suka ragu ƙwarai. A 1953 ya buɗe ɗaki musamman don irin waɗannan majiyyata.

Sa'an nan ilimin ba ya zama wuri ɗaya. Dā, in zuciyar babban mutum ta tsaya, akan danna ƙirji sau 15 a hura iska sau 2. A 2005 aka mai da shi sau 30 da sau 2. Kun san ɗan abin nan da ake maƙala wa yatsa don auna iskar da ke cikin jini? A 2020 masu bincike a Jami'ar Mishigan suka nuna yakan ɓoye ƙarancin iska a jikin baƙar fata kusan ninki uku fiye da farar fata. Mu ne fa baƙar fatar! Nas da ba ta ji wannan ba, sai ta ga lamba mai kyau ta koma ta zauna. Shi ya sa hukumar nas-nas da ungozoma ta Nijeriya ba ta sabunta wa kowa lasin sai ya nuna shaidar ƙarin ilimi. Amma wannan na 'yan kwanaki ne, bai kai kos ɗin da ƙanwata ke nema ba, inda za ta koyi sarrafa injin, da karanta zanen bugun zuciya, da lissafin magungunan da ɗigo kaɗan ke raba rai da ajali, ga kuma gwana tsaye a kanta.

Ku 'yan makaranta masu sha'awar farin kaya, ku sani tun yanzu, in an kai ku ɗakin nan, tambaya ba abin kunya ba ce. Ku kuma matan gida, sau da yawa abin da ke hana yarinya komawa karatu ba kuɗi ba ne, rashin mai riƙe mata yaro ne.

Ni na je da kaina na durƙusa gaban uwar mijinta. Na ce, "Hajiya, in ke ce kwance a gadon nan, wace za ki so ta tsaya a kanki, mai sani ko mai rawar jiki?" Ta yi shiru, can ta ce, "To, wa zai riƙe yaron?" Na ce ni. Muka shirya, da safe yana wurinta, in na taso daga makaranta in ɗauke shi.

Wata biyar ke nan da tafiyarta. Yaron ya yaye, ya kuma yaga mini littattafan 'yan aji huɗu har guda biyu. Shekaranjiya ta kira ni, ta ce an bar ta ita kaɗai da majiyyaci mai injin, malamarta na zaune daga nesa tana kallo, har aka tashi ba ta ce mata uffan ba.