Juya Shi Ka Ƙirga, Ɗana

Ɗana, na ga ka ɗebo ƙasa daga gindin bishiya ka zuba a mazurari, ka kunna ƙwan lantarki a kai, ka zauna kana duban agogo. Ƙyale agogon nan. Tun 1905 da Antonio Berlese na Italiya ya fito da wannan dabara, har Tullgren ya ƙara mata fitila a 1918, aikin kwanaki ne. Zafi ke busar da ƙasar daga sama, ƙwarin su yi ta gangarawa har su faɗa kwalbar sifirit. Sannu ba ta hana zuwa.

Cikin abin da zai faɗo akwai oribatid, dangin kaska da gizo-gizo. Babbansu ƙafa takwas, jaririn shida. Abincinsu ruɓaɓɓen ganye da naman gwari, kuma an san irinsu fiye da 10,000.

Ina saurayi kamarka, na sa ɗaya a madubin ƙara girma. Ga shi ruwan ƙasa, sumul, yana sheƙi, tsawonsa kamar rabin milimita, da wasu 'yan fukafukai a kafaɗa. Ban yi wata-wata ba na rubuta Galumna, na kai wa malamina ina jin daɗi. Bai yi mini faɗa ba, Allah ya jiƙansa. Cewa ya yi, "Ka jiƙa shi a asid ɗin laktik har jikinsa ya washe? Ka juya shi?" Na yi shiru.

Washegari na juya shi rigingine. A kowane murfin al'aurarsa gashi huɗu na ƙirga, alhali na Galumna shida ne. Na taɓa fiffiken da bakin allura, bai motsa ba, manne yake da baya. Na Galumna kuwa babba ne, yana lanƙwasowa ya rufe ƙafafu kamar ƙyaure. A gadon bayansa na nemi tabo mai ƙananan ramuka irin na Galumna, sai na tarar da 'yan jakunkuna, huɗu dama huɗu hagu. Farce uku a kowace ƙafa. Ashe Scheloribates laevigatus ne, wanda wani masani, Koch, ya bayyana tun 1835. Ranar na gane cewa kama da wane ba wane ba ne.

Saboda haka kada launi ya ruɗe ka, ɗana, sheƙi ma haka. Duba gashin nan guda biyu da ke tsirowa daga 'yan ƙoƙuna a gaban jiki, ka lura ko kansu kulki ne ko mashi. Ƙirga, ka zana, ka sake ƙirgawa. In gashi ya karye, nemi gurbinsa, yana nan. In shakka ta rage, tsaya a sunan dangi ka rubuta gaskiyar inda ka tsaya. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma sunan da ka rubuta bisa kuskure wani zai ɗauka ya ɗora aikinsa a kai bayan ba ka nan.

Kada kuma ka raina shi don ƙanƙanta. A 1937 Horace Stunkard ya gano a Amurka cewa cikin irin waɗannan ƙwari tsilar tumaki, Moniezia, ke girma kafin tunkiya ta haɗiye su da ciyawa. Wannan da na kusa ɓata wa suna yana cikin masu ɗaukarta. Makiyayin da ɗan ragonsa ke ramewa da damina bai san ka ba, amma aikinka ya shafe shi.

Je ka duba kwalbar, in sifirit ya ragu ka ƙara. Gobe da safe ka zo da allurarka mu juya na farko tare.