Jirgin ƙasa na kara a Sanyinna

Bayan an gama girbin dawa ne zumunci ya kai ni Sanyinna, a ƙaramar hukumar Tambuwal. Da la'asar sakaliya, a gindin wani dogonyaro, na tarar da yaro ɗan kimanin shekara goma sha biyu yana jan jirgin ƙasa da igiya, ƙannensa na biye suna yi masa kukan jirgi da baki.

Na tsuguna na duba aikin. Kan jirgin gwangwanin madara ne, taragai huɗu kuwa na karan dawa. Ya fere ɓawon kara ya yi bango, totuwa ta zama ginshiƙi, ƙayar aduwa ta tsaya a matsayin ƙusa. Kowane tarago da tagoginsa shida, da ƙofa, da matakala. Ƙafafun daga tsohon silifas ya yanko su, ya kuma haɗa tarago da tarago da ƙugiyar waya, yadda za su sha kwana ba su tsinke ba.

Na tambaye shi inda ya ga jirgi. Ya ce a wayar yayansa. Ban yi mamaki ba, domin layin dogo bai taɓa shiga Sakkwato ba. Ya isa Kano a 1911, reshen da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, saboda gyaɗa da auduga. Sabon layin Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 ta Daura da Katsina ya nufa.

Sai ya ce, "Baba, me ke hana ƙafar jirgi zamewa daga kan ƙarfe? Na shimfiɗa kara biyu, kullum sai ya faɗi." Na zana masa a ƙasa yadda kowace ƙafa take da leɓe ta ciki, wanda ke riƙe ta a jikin dogo. Ya yi shiru yana kallon zanen, sannan ya ruga gida. Kafin a kira magariba ya dawo da murafen kwalba, ya liƙa wa kowace ƙafa ɗaya daga ciki. Jirgin ya bi karan har ƙarshe.

A Ingila da Jamus dattawa ke kashe dukiya a kan irin wannan sha'awa, suna da ƙungiyoyi da wuraren baje koli. A nan kuwa, abin da aka fi ce wa irin wannan yaro shi ne ya bar wasan banza ya je ya yiwo ciyawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Malamin firamare ɗaya da zai ajiye wannan jirgi a aji, ya koyar da awo da lissafi a kansa, ya isa ya sauya wa yaron hanya.

Da zan tafi na nemi ya sayar mini. Ya ƙi. Ya ce bai gama kujerun ciki ba.