Daga Kano Zuwa Ikeja Neman Kwamfutar Ɗaukar Waƙa

Ɗan ƙanwata tela ne da rana, mawaƙi da dare. Duk waƙar da ya rubuta sai ya kai ta situdiyo a Zoo Road, ya biya kuɗin kiɗa, ya biya na ɗaukar murya, in ya koma gida ya ji wani baiti bai zauna ba ya sake komawa ya sake biya. Da ya tara abin da ya tara a ɗinkin sallah, ya zo ya ce kwamfuta yake so, ta hannu, wadda zai ajiye a ɗakinsa ya riƙa ɗaukar muryarsa duk sa'ad da baiti ya zo masa. Na goyi bayansa, don na ga yara masu basira da yawa da kuɗin situdiyo ya sa suka ajiye waƙa. A Kano ma ana samun kwamfuta a Beirut Road da Farm Centre, sai dai ina da ɗaurin aure a Agege, kuma da yawa daga kayan da ake sayar mana a Arewa ta Legas suke biyowa. Na ce ya shirya mu tafi tare.

Babbar motar dare muka hau. Kwanar Ɗangora, Zariya, Kaduna, Abuja, duk cikin hira da gyangyaɗi muka wuce su. Dare ya raba muka haye Kogin Kwara kafin Lakwaja, daga nan aka fara hawa da gangara a duwatsun Okene. Gari ya waye mana cikin kurmi, ƙasa ta koma ja, itatuwan kwakwar manja sun maye gurbin kuka da darbejiya, yaron ya manne da taga don bai taɓa wuce Abuja ba. Muka bi ta Akure da Ibadan, muka shiga Legas ta Berger bayan tafiyar sama da kilomita 1,000, ƙafafu a kumbure.

Wanda ya sauka a Agege bai yi baƙunta sosai ba. Fataucin goro da layin dogo ne suka zaunar da Hausawa a nan tun kaka da kakanni, har da sarkinsu. Ga mai shayi, ga mai tsire, ga kiran salla ta kowace kusurwa. Da aka gama biki, mai masaukinmu ya haɗa mu da ɗansa, haifaffen unguwar, mai jin Yarbanci kamar Hausa. Tun a cikin danfo ya ja mana kunne.

"Baba, in mun shiga kada ku kula wanda ya tare ku a tsaye. Shago za mu shiga, mai lamba da suna, wanda in an dawo gobe za a same shi."

Computer Village ba gini ɗaya ba ne, unguwa ce guda da kasuwa ta cinye, daga titin Otigba zuwa Pepple da Ola Ayeni, kusa da gadar Ikeja. Kowane bene shaguna ne tun daga ƙasa har sama, janareto na ruri ta ko'ina, 'yan kamasho na jan hannun riga. An daɗe ana maganar mayar da kasuwar Katangowa, amma mu a nan muka same ta.

A shagon farko aka ɗora mana wata mai sheƙi, an manna mata tambarin i7. Idon yaron ya ƙi barin tambarin.

"Kawu, ai wannan ce. I7 ce fa."

Na ce ya buɗe ta ya karanto cikakkiyar lambar ƙwaƙwalwar. Ya karanto: i7-6600U. Lambar farko bayan ɗan layin ita ke faɗin zamanin da aka ƙera ta, wannan ta zamani na 6 ce, kuma cibiyoyin aiki biyu kacal gare ta. Ita kuwa i5-8250U, da ake rainawa don sunanta i5, ta zamani na 8 ce mai cibiyoyi huɗu. Na ce masa ya ɗauka shagonsa ne ana gobe sallah: tela biyu ƙwararru da tela huɗu ƙwararru, wa zai riga gama tulin ɗinki? Haka waƙa take a cikin kwamfuta. Ganga layi guda, kalangu layi guda, fiyano, sarewa, muryar jagora, muryoyin 'yan amshi, kowanne da abin gyaran sauti a kansa, duka kuma lokaci ɗaya ake so su fito. Akwai wani dalilin kuma. Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina kula da Windows 10, shi kuwa Windows 11 a hukumance daga zamani na 8 yake karɓar irin waɗannan ƙwaƙwalen na Intel. Kwamfutar da ba ta hawa intanet za ta ci gaba da aikinta a tsohon tsari, amma masu rubuta manhajojin kiɗa gaba suke yi, ba sa jiran kowa. Wannan tambari na i7 ya ci kuɗin mutane da yawa, kuma ba ƙarya mai shago ya yi ba, shiru kawai ya yi a kan sauran lambar.

Shago na gaba kwamfutar wasanni aka fito mana da ita, mai fitilu ja da shuɗi a ƙarƙashin madannai. Rabin kuɗinta na katin hoto ne, abin da murya ba ta amfana da shi ko kaɗan. Na ce a kunna, na kara kunnena a gefenta. Ko cikin hayaniyar kasuwa fankarta na huci. An ce gani ya kori ji, amma a wannan ciniki ji ne ke gaba. Mai situdiyo yana da ɗakin murya daban, gilashi tsakaninsa da na'urori. Yaron nan ɗaki ɗaya gare shi, makirufo da kwamfuta taku ɗaya ne tsakaninsu, kuma a zafin Afrilu na Kano, da ke haura digiri 40, fankar da ke huci a Ikeja ihu za ta yi. Duk abin da ta furzar zai kwanta ƙarƙashin muryarsa, kuma cire shi daga baya sai ya taɓa muryar.

Mun tsaya a kan MacBook Air mai M1, ta 2020, wadda ba ta da fanka sam. Ga mai hali, na yarda da ita, manhajar kiɗa ta FL Studio ma da yaranmu suka fi sabawa da ita tana aiki a Mac tun 2018. Amma kuɗinta zai cinye na makirufo, ba a ƙara mata RAM, kuma in ta zo a kulle da asusun mai ita na farko ko na kamfanin da ya yi amfani da ita, an sayi wahala. Kwamfutar tebur irin OptiPlex ta fi araha a ƙarfi iri ɗaya, ita ma na so ta. Wuta ce ta raba mu. Ana tsakiyar baiti a ɗauke, abin da aka ɗauka ya tafi. Batirin ta tafi-da-gidanka shi ke tsare wannan.

A wani bene na biyu a titin Pepple muka zauna sosai. Mai shagon dattijo ne, bai yi mana gaggawa ba. Da ya ji abin da muke nema ya sauko da irin waɗanda ofisoshin Turai da Amurka ke sallamawa bayan 'yan shekaru: Latitude 7490, EliteBook 840 G5, da ThinkPad T480. Duka 'yan 2018 ne, duka zamani na 8. Ba su da ado, amma an yi su don a kwance a gyara, kuma kayan gyaransu na nan birjik har Kano. Muka ware T480 mai i5-8350U, don ramukan RAM biyu gare ta, batirin bayanta kuma ana zare shi da hannu a sa wani.

Daga nan na fito da abin da muka taho da shi daga gida: filashi mai manhajojin gwaji, abin sa wa a kunne, da ƙaramin akwatin shigar da sauti da makirufo da yaron ya aro wajen abokinsa. Mai shagon ya gyara zama, ya ce, "Alhaji, kai ka zo da shirinka."

Na fara shiga BIOS don in tabbata ba kalmar sirri a kai, domin ta ThinkPad ba ta cirewa da sauƙi. CrystalDiskInfo ya nuna lafiyar ma'ajiyar, SSD ce mai 256GB, ba tsohon faifai mai juyawa ba. Umarnin powercfg /batteryreport ya fito da ƙarfin batiri na asali da wanda ya rage, muka ga na ciki ya gaji, na waje da sauransa. Muka bi kowace kafar USB da akwatin sautin, muna ɗan girgiza wayar ko za ta yanke. Wannan duk aikin ido ne, kowa zai iya.

Gwajin da ya fi muhimmanci shi ne na jinkiri. Mawaƙi yana rera baiti yana jin kansa a kunne, in muryar ta dawo masa a makare ko da ƙiris ne, sai ya kauce wa kiɗa. Kwamfuta ba ta sarrafa sauti a dunƙule, ɗiba take yi kaɗan-kaɗan. In ana ɗaukar ɗigo 48,000 a daƙiƙa, aka ce ta riƙa ɗibar 128 a lokaci guda, kowace ɗiba ba ta kai kashi 3 cikin 1,000 na daƙiƙa ba. Kwamfuta mai lafiya za ta jure wannan. Marar lafiya sai ka ji ƙas-ƙas a cikin sauti, ko da kuwa ƙwaƙwalwarta mai ƙarfi ce, don sau da yawa direban Wi-Fi ne ko tsarin tattalin batiri ke riƙe ta. LatencyMon ke tona wannan asiri, muka bar shi yana gudu na ɗan lokaci bai yi ƙorafi ba. Sannan yaron ya ɗora kiɗansa, ya sa abin kunne, ya rufe ido ya ja amshi a tsakiyar shagon mutane. Yaran shago suka bar abin da suke yi.

"Kawu, tana bi na daidai," ya ce.

Na ce a jona caja. Nan take wani zuuu ya shigo kunnensa. Aka zare, ya ɗauke. Cajar ba ta asali ba ce. Dattijon bai yi musu ba, ya aika aka kawo ta Lenovo, ƙarar ta ragu har ba a jin ta. Mutum zai iya sayen kwamfuta lafiyayya ya shekara yana zargin makirufonsa, alhali caja ce.

RAM ɗinta 8GB ne, muka sa aka ƙara ta koma 16GB a gabanmu. Ma'ajiyar kuwa na ce a bar ta. Minti ɗaya na murya a inganci mai kyau bai kai 9MB ba, ba ita ke cika kwamfuta ba, tarin sautukan kayan kiɗa ne, kuma waɗannan ana iya ajiye su a ma'ajiyar waje in hali ya samu.

Wani yaron shago ya ce zai zuba mana duk manhajojin kiɗa kyauta. Na ƙi, kuma a nan muka ɗan ja da ɗan ƙanwata. Fasassun manhajoji na daga cikin manyan ƙofofin ƙwayoyin cutar kwamfuta, su ne kuma ke rufewa ana tsakiyar aiki. Ban da haka, shi da kansa yana kukan masu tura waƙarsa a waya ba ko sisi, bai kamata ya fara sana'arsa da haƙƙin wani ba. Audacity kyauta ne. Reaper ana gwada shi kwana 60, lasisinsa na mai ƙaramin ƙarfi dala 60. FL Studio in ka saya sau ɗaya, sabuntawa kyauta ce har abada. Ya yi shiru, ya ce zai fara da Reaper.

Ciniki ya ɗauki lokaci, ɗan mai masaukinmu na ja da Yarbanci, dattijon na rantsuwa da kuɗin kwastan da canjin dala. Aka daidaita. Na sa ya rubuta lambar jikin kwamfutar a rasit, da garantin mako guda, ya buga hatimi.

Washegari muka bi titin Badagry zuwa kasuwar Alaba a Ojo, inda kayan sauti suke, da kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin da muka hana kwamfutar ta cinye. Yaron ya so makirufo irin na situdiyo, mai neman wutar 48V, wanda ke jin motsin leɓe. Na tuna masa cewa zai ji janareton maƙwabta da hon ɗin adaidaita sahu da zakaran gidansu. Muka ɗauki mai ƙaramin ji, irin na riƙewa a hannu, wanda sai an matso yake ɗauka. Masu tambarin Shure SM58 sun cika tebura a farashin da na gaske ba ya zuwa, muka bar su, muka sayi na wani kamfani mai sauƙin kuɗi a shagon da ya yarda mu gwada, tare da ƙaramin akwatin sauti na Behringer mai kafa biyu. Ba mu da sauran kuɗin ƙafar makirufo. Yaron ya ce akwai mai walda a layinsu, labulen rage amsa-kuwwa kuwa shi zai ɗinka da kansa daga tsofaffin barguna.