Shekara tara ban taka Baturiya ba

'Yan'uwana matasa, bari in ba ku labarin wata kunya da na sha.

Wani abokina da muka yi makarantar tauhidi tare ya je taro a Kito, babban birnin ƙasar Ekwado a Kudancin Amurka. Da ya dawo ya kawo mini ziyara nan Haɗejiya. Bayan sujada muka zauna yana nuna mini hotuna a waya. Birni ne a kan duwatsu, kimanin mita 2,850 sama da teku, har baƙo yakan yi haki in ya yi sauri. Ga tsofaffin majami'u, ga kuma wurin da aka ja layin da ya raba duniya biyu, ya tsaya ƙafa ɗaya a arewa, ɗaya a kudu. Ina kallo ina cewa a raina, mu kam me za mu nuna wa baƙo, in ba ƙura da sauro ba?

Sai ya ce, "To, Fasto, gobe sai ka kai ni Baturiya."

Na yi tsit. Shekarata tara a garin nan, ban taɓa zuwa ba. Shi kuwa ya san cewa tun 2008 aka sa dausayin cikin jerin Ramsar, wato dausayoyin da duniya ta amince a kiyaye.

Da asuba muka kama hanyar Kirikasamma cikin sanyin hunturu. Wani dattijo masunci ya ɗauke mu a kwalekwale. Ga dinya, ga kirinjijiya, ga zalɓe tsaye kamar mai gadi. Can sai wani garken agwagin ruwa ya tashi gaba ɗaya, ƙarar fukafukansu kamar saukar ruwan sama a kan kwano. Abokina ya ce daga Turai suke, sun ƙetare Sahara don su yi hunturu a nan. Tsuntsu ya san hanyar Baturiya daga Turai, ni da nake maƙwabci sai da aka yi mini jagora!

Na ce, "Baba, haka wurin nan yake tun da?"

Ya girgiza kai, ya nuna kachala da sandar tuƙinsa. Ya ce inda ciyawar nan ta rufe, nan mahaifinsa yake jefa koma. Tun da aka gina madatsun Tiga da Challawa tafiyar ruwa ta sauya, kachala ta toshe magudanai. Wani gari ya yi ambaliya, wani ya rasa ruwan noman rani. Cikinta kuma jan baki suke ɓuya, su fito su cinye shinkafa. Nan na tuna sau nawa muka tara gudummawa saboda ambaliya, musamman ta 2022, ban ko taɓa tambayar ta ina ruwan yake bi ba.

Na roƙi shugabannin zumunta mu shirya fita kafin tsuntsayen su koma wajen watan Maris. Baban ya ce mu iso kafin rana ta ɗaga. Kowa ya zo da rigar sanyi da kuɗin kwalekwale.