Ziyarar Tsohon Masallacin Juma'a na Zariya

Wanda ya tashi a Dutse ba baƙon ginin ƙasa ba ne, domin a Garu muka buɗe ido muka ga zaure da soro. Duk da haka, sai da na bi ta Wudil da Kano na isa birnin Zariya sannan na san iyakar abin da laka za ta iya ɗauka.

A lokacin, daga waje babu abin da zai tsayar da matafiyi. A shekarun 1970 aka kewaye tsohon masallacin da sabon gini na siminti, aka rushe wani sashe nasa, saura kuwa ya zama kamar ƙwai a cikin ƙwarya. Sai da na tuɓe takalmi na kutsa ciki sannan na iske aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina shi a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834 zuwa 1846).

Sanyi ne ya fara tarbe ni, sannan duhu-duhu. Da idona ya washe, sai ga ginshiƙai masu kauri, kowanne da zanensa, bakan gizo na tasowa daga jikinsu suna haɗuwa a ƙarƙashin tulluwa. Asirin yana cikin azara. Itacen giginya ne da gara ba ta cika ci ba, amma guntu ɗaya ba ya haye fili mai faɗi. Don haka magini kan jera azara hawa-hawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, a ɗaure, a lulluɓe da laka, har hannu biyu su gamu a sama. Maginan coci-coci na Faransa da Italiya a ƙarni na 11 da na 12 sun fuskanci wannan matsala ta nauyin rufi, suka warware ta da dutse, da bango mai kauri da ƙananan tagogi. Nasu dutse ne mai jure sakaci. Namu kuwa in damina biyu ta wuce ba yaɓe, sai ya fara zuba.

Ana ba da labari cewa Sarkin Birnin Gwari ya sa Babban Gwani ya gina masa masallaci, sannan ya sa aka kashe shi don kada ya yi wa wani irinsa. Abin da ya fi damuna shi ne, ɗalibin da ke son ganin cikakkiyar siffar masallacin a yau sai ya tafi Jos, inda aka gina kwafinsa a gidan adana gine-ginen gargajiya.